Ranar da Lackson Ya Kai Akwati Gidan Surukarsa

Duk unguwar Kalingalinga ta birnin Lusaka babu wanda bai san Lackson Mpundu ya taɓa zuwa Johannesburg ba, don shi da kansa ba ya bari a manta. Sati uku ya yi a can, biyu daga ciki a kwance da gudawa, amma in ya fara ba da labari sai ka rantse da shi aka yi shawarar kafa garin. Sana'arsa kuwa akwatin gawa. A nan kam a ba shi haƙƙinsa, hannunsa na da kyau, bai taɓa yin akwatin da mai shi ya dawo da ƙorafi ba.

Abu guda ke cin ransa. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ya auri Godfridah, har yau uwarta, Bana Chilufya, wato Maman Chilufya, ba ta yi masa bikin shigarwa ba, wato bikin da ake yi wa surukin kirki a ɗauke kunyar da ke tsakani, ya shiga ɗakin surukarsa, ya ci nshima, tuwon masararsu, a gabanta, su yi magana baki da baki. Har yanzu in ya hango tsohuwar a hanya sai ya faɗa lungu. In haɗuwa ta zama dole, ya durƙusa ya ba ta ƙeya, matarsa ta riƙa kai magana tana kawowa. Mijin ƙanwar Godfridah kuwa, wani direban tanka da ko gaisuwa bai iya ba, shekara huɗu kacal aka yi masa nasa, da tukwane ashirin da kiɗa. Lackson ya halarta, amma daga waje, kusa da akurkin kaji.

To bana tsohuwa ta aiko cewa ƙarshen wata za a yi, muddin bai ƙara ɓata mata wani abu ba kafin nan. Daga haka ta tafi Kabwe wurin ɗanta a duba mata gwiwa a asibiti, ta bar wa Godfridah makullan gida.

Rana ta biyu Lackson ya raka matarsa ban ruwan tumatir, ya leƙa falon ta taga. Ga tsohuwar talabijin mai ƙaton baya, ga kuma na'urar gem da ɗan tsohuwar ya sayo wa jikoki, an lulluɓe ta da leshi, ba a kunnawa sai Lahadi bayan coci.

"Godfridah, kin ga arziki a kwance ana rufa masa leshi?"

"Na ga kayan Mama."

"A Johannesburg akwati ake yi musu dogo, a tsaye, mutum ya jefa kuɗi ya buga ƙwallo. Da idona na gani. Har sai da na nuna wa mai wurin inda ya yi kuskure."

"A sati biyun da kake kwance, ko a ɗayan?"

"Ke dai ba ni makulli. In Mama ta dawo ranar Lahadi za ta tarar da inji a barandarta yana tara mata kuɗi tana barci. Tukunya ashirin? Ni arba'in za a dafa mini, direban tanka ya zo ya riƙe mini ruwan wanke hannu."

"Baban Mwape, don girman Allah ka zauna lafiya na sati uku. Sati uku kawai. Ko numfashi ka rage."

Bai rage ba. Da ta tafi suyar fanke bakin titi, ya laluba ƙarƙashin filo ya ɗauki makullan. Kafin azahar talabijin da gem da hannayen gem ɗin biyu suna shagonsa a cikin baro.

Maƙwabcin shagonsa Yotamu Soko ne, mai walda, mutumin gabashin ƙasar, abokin wasan Bemba, ƙabilar su Lackson, tun kaka da kakanni, saboda haka duk abin da ya ga dama yana faɗa wa Lackson babu mai cewa don me. Ya ture gilashin walda sama ya tsaya yana kallo.

"Kai maci-biri, wa ya mutu da talabijin ɗinsa?"

"Koma ka gasa ɓerayenka. Wannan aikin ilimi ne."

Kwana huɗu Lackson yana fama. Niyyarsa akwati madaidaici, amma hannun da ya shekara ashirin yana abu ɗaya ba ya jin magana. Da ya ja baya ya duba, sai ga shi ƙafa shida da ɗan kai, faɗi a kafaɗa, tsuke a ƙafa. Ya ce ai haka ya fi tsayuwa. Ya yanka taga a sama daidai fuskar talabijin ya sa gilashi. Ya ga cikin babu kyan gani, ya shimfiɗa soso ya bi shi da farin yadi mai santsi, har da tattara a gefe. Ya ga zai yi wuyar ɗauka, ya ɗaura masa hannaye shida masu ruwan zinariya, uku nan uku can. Sannan ya shafe shi da man sheƙi har mutum na ganin haƙoransa a jiki.

Hannayen gem kuwa ya farke su da sukurudireba, ya zaro wayoyi, ya jona su da maɓallan ƙararrawar ƙofa guda takwas da sandunan giya biyu da ya ciro daga matattun motocin haya. Wurin kuɗi shi ya fi alfahari da shi: ka jefa kwacha, kuɗin ƙasar, ta rami, ta gangara ta cikin bututu, ta faɗa kan cokali, cokali ya dungure ya danna maɓallin farawa.

Ya kira Yotamu gwaji. Kwacha ta gangara, cokali ya yi aikinsa, 'yan ƙwallo suka fito fili. Yotamu ya tura sanda dama, ɗan wasansa ya ruga hagu. Ya tura gaba, ya juya baya ya nufi gida, ya ɗirka wa golansa ƙwallo a raga.

"Ba Lackson, ɗan wasan nan mashayi ne?" in ji shi, har da "Ba" ɗinsu na girmamawa.

"Ba ka san komai ba. Injin ƙasar kudu ne, can komai a juye yake. Hannunka ne zai saba."

Yotamu ya zagaya bayan akwatin, ya ga gem ɗin a kwance cikin soso da yadi kamar jariri, ga Lackson ya ɗauko murfi yana shafa masa gam a baki.

"Tsaya tukuna. Ta ina iska za ta shiga? Abin nan yana da fanka a ciki, zafi yake yi."

Lackson ya dube shi da tausayi.

"Yotamu, shekarata ashirin ina yin akwati. Ko mutum ɗaya bai taɓa neman iska a ciki ba."

Ya kifa murfi, ya bi shi da noti arba'in, ya toshe kan kowane da garin katako don kada a ga alama. Aiki dai ya yi kyau, ko tururuwa ba ta samun hanya.

Ranar Asabar da hantsi ya sa kwat ɗinsa baƙa, ita kaɗai gare shi, da ita yake kai wa mutane kaya. Ya kira majiya ƙarfin nan shida da suka saba yi masa dako. Ɗauka a tsaye ba ta yiwu ba saboda igiyoyin shanya da wayoyin wuta da suka cika lungu, sai suka kwantar da shi, kowa ya kama hannu ɗaya suka saɓa a kafaɗa. Su ma hannunsu da ƙafarsu sun saba. Ba wanda ya ce musu komai, suka sunkuyar da kai suka kama tafiya a hankali, taku ɗaya bayan ɗaya, Lackson a gaba da waya a naɗe a hammata.

Mai aski ya fito ya cire hula. Masu karta a gindin mangwaro suka miƙe tsaye. Lackson ya ɗaga musu hannu, a ransa yana cewa ashe labari ya riga shi fita. Sai da suka karya kwanar gidan tsohuwar, wata maƙwabciyarta, Bana Mutale, ta fito da roba cike da wanki. Ta dubi akwati, ta dubi baƙar kwat, ta dubi ƙofar da suka nufa. Robar ta faɗi.

"Wayyo Bana Chilufya! Gwiwa fa kawai ta ce! Gwiwa!"

Nan Lackson ya gane abin da ake ciki. Ya buɗe baki zai gyara, sai ya ga mutane na ɓullowa ta kowane lungu, ya ƙiyasta su da ido, ya mai da bakinsa ya rufe. A Johannesburg kuɗi ake biya kafin a tara jama'a haka. Ya ce a ransa bari su ɗan ƙaru, minti biyar, sai ya yi bayani.

Minti biyar ɗin ne suka kashe shi. Unguwa ta san aikinta in an yi rashi, ba ta jiran umarni. Shi ya buɗe ƙofar falo don ya jona waya, kafin ya juyo maza sun kwashe kujerun tsohuwa da teburinta da kabad sun jere a tsakar gida, mata sun ɗaura zannuwa sun cika falon sun zauna a ƙasa. Wani ya jawo kututture ya hura wuta. Aka ɗora tukunyar nshima ta gidan biki. 'Yan waƙar coci suka iso da kayansu, har da wadda ta zo da kumfar sabulu a gwiwar hannu.

Sai ga Godfridah a guje, ba takalmi, matsamin fanke a hannu, tana kururuwa, don a bakin titi aka tare ta da gaisuwar haƙuri. Ta kutsa cikin mutane ta faɗa kan akwatin. Tana cikin kuka hannunta ya taɓa sandar giya. Ta ɗago kai a hankali. Ta dubi maɓallan ƙararrawa, ta leƙa taga ta ga talabijin, sannan ta juyo ta nemo mijinta da ido.

"Baban Mwape."

"Talla ce, uwar gida, ki kwantar da hankalinki."

"Uwata ka kashe don talla?"

Ana haka sai ga mutanen gabas sun iso. In Bemba suka yi rashi, abokan wasa ke da gidan, su yi hidima su kuma yi tsiya son ransu. Yotamu ne a gaba da kwanon garin masara, shi da ya fi kowa sanin abin da ke cikin akwatin.

"Ina surukin marigayiya? Ku riƙe mini shi, baƙin ciki zai kayar da shi!"

"Yotamu, kai fa ka san..."

"Na san kana sonta, maci-biri. Yi haƙuri."

Ya juye masa kwanon a ka. Baƙar kwat ta koma fara, gira da gashin baki duk suka yi furfura. Lackson ya tofar da gari, ya haye kan teburin tsohuwa ya ɗaga hannu.

"Jama'a! Ku saurara! Yau za ku ga abin da ba a taɓa gani ba a Lusaka. Ku tayar da shi tsaye!"

'Yan dako suka dubi juna, suka ɗaga akwati suka tsayar a baranda. Mata suka sa kuka da ihu. Wani dattijon coci ya ce shekararsa saba'in bai taɓa ganin an tsayar da mamaci ba, ko a wurin mutanen gabas. Lackson ya diro, ya cusa filogi a soket, ya laluba aljihu ya jefa kwacha.

Tagar fuska ta kawo haske. Daga cikin akwati aka ji ihun mutum dubu hamsin, sannan wata murya ta namiji ta fashe da Turanci.

Ban san yadda Bana Mutale ta tsallake katangar nan ba, da jikinta da shekarunta, amma ta tsallake. 'Yan waƙa suka watse ta cikin tumatir. Dattijon coci ya manta sandarsa, bai kuma neme ta ba sai da ya kai titi. Waɗanda suka tsaya kwandastocin tasha ne, da suka zo don nshimar makoki. Ɗayansu ya matso yana leƙe.

"Kai! Gem ne wallahi! Ba Lackson, nawa ne?"

"Kwacha ɗaya. Ku yi layi, ban son hayaniya."

Na ɗan lokaci Lackson ya ɗanɗani abin da ya yi mafarki. Kuɗi na gangarawa, cokali na dungurawa, shi yana tsaye fari fat yana bayanin yadda ya ƙera abin. Waɗanda suka gudu suka fara dawowa suna leƙe daga bakin ƙofa. Matsalar dai kowa gidansa yake ci. Wani kwandasta ya zura wa kansa bakwai, ya ce a mayar masa da kuɗinsa ko a juya talabijin ɗin. Abokin karawarsa ya ce shi ya ci wasa, wancan ya ce ai duk ƙwallayen shi ya zura, suka cakumi juna.

Ana raba su akwatin ya fara nishi. Wani gurnani ne ƙasa-ƙasa, yana ƙaruwa, fankar ciki na neman iskar da ba a tanadar mata ba. 'Yan wasa suka daskare a fili, ƙafa ɗaya a sama.

"Ba Lackson, wani abu na ƙauri," in ji Yotamu.

"Nshima ce."

"Nshima ba ta warin roba."

Hayaƙi ya fara fitowa ta ramin kuɗi, siriri, don nan ne kaɗai ƙofar da ya samu. Lackson ya zagaya baya da sukurudireba, ya rasa ko noti ɗaya, shi da kansa ya ɓoye su. Ya kama kankare katako da farce.

"Yotamu! Ɗan'uwana! Kawo ƙarfen ɓanɓara!"

"Yau ni ne ɗan'uwa? Ba maci-ɓera ba?"

"Kawo don Allah!"

Yotamu ya tafi yana tafiyar mai ciwon baya. Kafin ya dawo wata mata ta zare filogi, wata kuma da ta fi ta azama ta sunkuci ruwan wanke hannu ta ɗura ta ramin kuɗi har ya ƙare. Aka ji tas a ciki, gilashi ya tsage, tagar ta yi baƙi. Da Yotamu ya ɓalle murfin, farin yadi ya zama toka, gem ɗin ya lanƙwashe a cikin narkakken soso, ga kwacha goma sha tara a jiƙe. Cokalin ne kawai ya fita lafiya.

Daidai nan tasi ta tsaya a ƙofar gida. Likita ya sallami Bana Chilufya da wuri, ta ce ba ta ƙara kwana a gidan da ake dafa kabeji ba gishiri. Ta fito da sanda da jaka, ta tsaya. Ta ga kujerunta a rana, ta ga wutar makoki, ta ga tumatir ɗinta a kwance, ta ga 'yan waƙar cocinsu rabi a ciki rabi a waje. Bana Mutale, da ta dawo ɗaukar robarta, ta yi ido huɗu da ita, ta zauna daɓas a ƙasa.

Lackson ya zube a gwiwa ya juya fuska ga bango. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba, don ya san abin da ya jira shekara goma sha ɗaya ne ke hayaƙi a bayansa.

Tsohuwa ta tako har baranda, ta leƙa cikin akwatin, ta daɗe tana kallo.

"Godfridah, tambayi mijinki wa ya mutu."

"Baban Mwape, Mama ta ce wa ya rasu."

"Ki ce mata babu kowa. Ki ce mata ci gaba ne aka kawo mata, aka ɗan samu tangarɗar iska."

"Ki gaya masa," in ji tsohuwa, "tun da nake ban taɓa ganin sakarai, mai kan kabewa, wanda Allah ya ba hannu ya hana shi hankali irinsa ba. Ki ce masa akuyar da na sayar bara ta fi shi tunani."

Godfridah ta matsa kusa da mijinta.

"Mama ta ce sannu da ƙoƙari, amma ba ta ji daɗi sosai ba."

Tsohuwa ta juyo ta dubi 'yarta daga sama har ƙasa.

"Me kika ce masa?"

"Abin da kika ce, Mama. Na ɗan taƙaita."

"Kin taƙaita. Tun yaushe kike taƙaitawa?"

Godfridah ta sunkuyar da kai tana juya matsamin fanke.

"Ashe shi ya sa! Ni ina nan ina aika wuta, ke kina kai masa ruwan sanyi. Shi ya sa kullum yake wuce ni yana washe baki. Kauce."

Ta dogara sanda ta nufi tukunyar makoki, ta gutsuro nshima da hannunta, ta dawo ta tsaya a kan Lackson.

"Kai. Juyo."

"Godfridah, ki ce wa Mama al'ada ba ta..."

"Da kai nake, ba da ita ba. Juyo ka dube ni. Buɗe hannu. Ci."

Ya juyo a kan gwiwoyinsa. Rabonsa da ganin fuskarta kusa haka tun ranar aure. Ya karɓi loma, ba miya, da zafinta, ya tura a baki ya haɗiye, hawaye na yanka hanya a cikin garin da ke kumatunsa.

"Kun gani, jama'a? Ya ci a gabana. Na shigar da shi. Daga yau babu kunya tsakanina da shi, babu ɗan aike."

Babu tukunya arba'in, babu ashirin, babu ko ganga ɗaya. Abin ya yi masa ciwo har cikin ƙashi. Duk da haka sai da ya karkata kai wajen Yotamu ya yi raɗa: "Ka dai shaida, an shigar da ni. Direban tanka bai tara rabin mutanen nan ba."

"Rufe mini baki, ina magana," in ji Bana Chilufya. Ta sa aka jawo mata doguwar kujerarta har gabansa, ta zauna, ta miƙe ƙafar mai ciwo, ta ce a ba ta ruwa. 'Yan makoki suka gyara zama, masu rabon nshima suka fara zagayawa da kwanoni, ba wanda ya nufi ƙofa.

Ta kurɓi ruwa ta ajiye kofi.

"Shekara goma sha ɗaya nake aiko maka da magana ba ta isa. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Bari mu fara daga ranar da ka zo neman aure da takalmin aro."